Ƙwayar cutar olsa a cikin baki: abin da gwajin PCR ke nunawa

Jama'ar Katsina da Daura, da yawa cikinmu idan ƙirji ya yi zafi sai mu ce yunwa ce ko yaji, mu wuce kemis mu sayi omeprazole. Alhali mafi yawan gyambon ciki daga abu biyu yake zuwa: ƙwayar cutar Helicobacter pylori, da yawan shan maganin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen. Likitoci biyu na ƙasar Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka gano wannan ƙwayar a 1982, kuma tun 1994 hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abubuwan da ke haddasa kansar ciki.

Gidanta tumbi ne, amma akan ga alamarta a baki: cikin miyau, a kan harshe, musamman cikin dattin da ke manne a gindin haƙori kusa da dasashi. Shuka ta a ɗakin gwaji daga baki yana da wuya ƙwarai, domin ɗaruruwan ƙwayoyin baki suna rufe ta. Shi ya sa masu bincike ke amfani da PCR, gwajin da ke neman DNA ɗinta, wato sinadarin gadon halittarta, kai tsaye.

Ga yadda ake yi. Mutum zai bar ci, sha, tauna goro da asuwaki na kamar awa ɗaya. Sai a karɓi miyau mililita 1 zuwa 2, ko a kankaro dattin haƙori da ƙarfen da aka tsarkake. A sa a kwalba mai murfi, a ajiye a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili idan ba ranar za a yi aikin ba. A nan matsalar wutar lantarki ke shigo mana: samfurin da ya narke ya sake daskarewa, DNA ɗinsa lalacewa yake. Bayan an tace DNA, na'ura za ta riƙa dumama shi zuwa digiri 95 tana saukowa kusan 60, zagaye kamar 40, kowane zagaye tana ninka gutsuren da ake nema sau biyu, misali sassan DNA ɗin ƙwayar da ake kira ureA ko glmM. Awon yawan ƙwayar kuwa daga lokacin da haske ya bayyana ne, domin gutsuren yana ba da haske a na'urar idan ya taru da yawa. Idan ya fito da wuri, tana da yawa. Idan sai bayan zagaye na 35, 'yar kaɗan ce. Tazarar zagaye uku da ɗan ɗoriya tsakanin samfuri biyu na nufin ɗaya ya ninka ɗayan sau goma.

To, ga inda muke so a kula. PCR ba ya bambance ƙwaya mai rai da matacciya. Gyatsa ko amai na iya hauro da ita daga ciki ta bar ɓurɓushi a baki. Akwai kuma 'yan uwanta a baki, irin su Campylobacter, da kan ruɗi gwajin idan ba a zaɓi gutsuren da kyau ba. Ɗigon wani samfuri da ya faɗa cikin wani ma ya isa ya ba da sakamakon ƙarya, don haka dole a haɗa da kwalbar da ba komai cikinta sai ruwa, wadda in ta nuna alama an san gwajin ya gurɓata. Saboda haka kada kowa ya ɗora ka kan maganin kashe ƙwayoyin cuta don kawai an ce an gan ta a miyau.

Gwajin da ake dogara da shi shi ne na bayan gida, ko na numfashi, ko a zura kyamara a tsinko naman tumbi. Na jini yakan ci gaba da nuna alama ko bayan an warke. Kafin gwaji a bar omeprazole da danginsa mako biyu, maganin kashe ƙwayoyin cuta mako huɗu. Idan an same ta, magani haɗi ne na kwana 14, kuma a shanye shi duka ko da zafin ya lafa. Mako huɗu ko fiye bayan gamawa a koma a sake gwaji.

Yawanci tun ana yara ake kamuwa. Iyaye mata, don Allah a daina tauna wa jariri abinci, a wanke hannu da sabulu bayan fitowa daga bayi. Wanda ya ga aman jini, baƙin bayan gida kamar kwalta, rama ba dalili ko wahalar haɗiya, ya tafi asibiti a ranar, kada ya tsaya jiran wani gwaji.