Tambayoyin da kuke ta maimaita min kan haɗuwar igiyoyi

Duk shekara idan WAEC ta gabato, tambayoyin nan kan igiyoyi, wato motsin da ke tafiya tudu da kwari kamar na ruwa, sauti da haske, su ne ke dawowa wurina a darasin yamma. Ga amsoshin a rubuce. Wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

Malam, mene ne sufafozishan?

Tarawa ce. Igiyoyi biyu sun gamu a wuri ɗaya, sai ka haɗa motsin wannan da na waccan. Tudu ya hau tudu, tsayi ya ƙaru. Tudu ya faɗa kwari, su cike juna. Da sun rabu kowace ta ci gaba da tafiyarta kamar ba su taɓa gamuwa ba.

Intafiyarans fa?

Sakamakon tarawar ke nan: wani wuri su ƙarfafa juna, wani wuri su kashe juna. Kada wanda ya ce min bai iya hango shi ba. Kududdufi nawa ne a cikin birnin nan? Ka ɗauki tsakuwa biyu ka jefa tare, ka tsaya ka kalli inda da'irorin suka ratsa juna. Kun fi son hadda a kan kallo, shi ya sa da an juya tambaya kuke rikicewa.

Difirakshan da rifirakshan abu ɗaya ne?

A'a. Rifirakshan karkacewa ce idan igiya ta shiga wani abu daban, kamar haske daga iska zuwa ruwa. Difirakshan bazuwa ce idan ta bi ta ƙofa ko ta gefen shinge.

Me ya sa nake jin muryar mutum a bayan katanga, amma ba na ganinsa?

Tsawon zango, wato tazarar da ke tsakanin tudu ɗaya da na gaba. Sauti na tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa, saboda haka sautin da ke girgiza sau 340 a daƙiƙa zangonsa mita ɗaya ne, kusan faɗin ƙofar zaure. Irin wannan yana zagaya kusurwa cikin sauƙi, shi ya sa kake jin mai talla a lungu tun kafin ya ɓullo. Zangon haske kuwa tsakanin nanomita 400 ne zuwa 700 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). Yana bazuwa shi ma, sai dai ba ka lura sai ƙofar ta yi siriri ƙwarai.

Ni nake haɗa lasifika a wurin wa'azi a unguwarmu. Na sa biyu, amma wasu na cewa murya na tafiya siririya. Intafiyarans ne?

Wataƙila, amma kada ka yi saurin ɗora masa laifi. Fara duba wayoyin bayan lasifikan. Idan a ɗaya ka juya ja da baƙi, to lokacin da wannan ke tura iska waccan na janyewa, kuma wanda ya zauna daidai tsakiyarsu shi zai fi cutuwa: kaurin murya ya tafi, a bar shi da siririn sauti. Wannan gyaran minti biyu ne.

Idan wayoyin daidai suke, sai maganar tazara. Mutumin da ya fi kusa da lasifika ɗaya da santimita 50, a wurinsa sautin nan mai zangon mita ɗaya zai iso tudu kan kwari. Amma muryar malami tarin sautuka ce masu zango daban-daban, wani ya mutu wani ya ƙaru, don haka ba za a yi shiru ɗungum ba, sai dai muryar ta canja kama daga sahu zuwa sahu.

Akwai kuma amsa-kuwwa daga katangar gidan da ke fuskantarku, wadda kan dawo a makare ta cakuɗa kalmomi. A titi mai gine-gine hagu da dama, sau da yawa ita ce babbar matsalar. Kuma lasifikar kanta na iya zama ta gaji. Abin da zan ba ka shawara: cire ɗaya, ka zagaya wurin kana saurara. Idan murya ta gyaru, haɗuwar biyun ce, sai ka matso da su wuri ɗaya ko ka juya fuskokinsu kowace ta ɗauki ɓangarenta. Idan ba ta gyaru ba, nemi matsalar a katanga ko a na'ura. Kada ka ji kunya, ƙwararru ma da gwaji suke gano wannan.

Idan igiyoyi sun kashe juna, ina ƙarfinsu ya tafi?

Bai ɓace ba. Ya koma wuraren da suka ƙarfafa juna.

Dole mu san Thomas Young?

Dole. Baturen Ingila ne, kuma tsakanin 1801 da 1803 ya nuna cewa haske da aka raba biyu ya sake haɗuwa yana fitar da layukan haske da na duhu. Haske a kan haske ya ba da duhu, abin da igiya kaɗai ke yi. Ku iya zana gwajin, ba sunan kawai ba.

Launukan da ke kan ruwa a garejin kanikawa bayan an yi ruwan sama, datti ne?

Intafiyarans ne. Haske na dawowa daga saman siririn man da kuma ƙasansa, biyun su haɗu, wani launi ya mutu wani ya fito, gwargwadon kaurin man a wurin.