"Cikin sati takwas ne": me wannan lissafin yake nufi?

Kwanakin nan duk inda ka leƙa maganar DNA ake da "cikin wane ne", a rediyo, a Facebook, kowa ya zama likita. Abin da ya fi ci min rai shi ne yadda ake ɗaukar takardar sikanin a mayar da ita hujja, a ce ai an rubuta sati takwas, shi kuma mijin sati takwas baya ba ya gari, shikenan sai a yanke wa baiwar Allah hukunci.

Satin ciki da likitoci suke faɗa ba daga ranar da cikin ya shiga ake ƙirga shi ba. Daga ranar farko ta al'adar ƙarshe ake farawa, saboda ita ce ranar da mace za ta iya tunawa, ranar da ƙwai ya haɗu da maniyyi kuwa babu mai ganinta. Shi ya sa ake cewa ciki sati 40 ne, kwana 280, alhali daga shigarsa zuwa haihuwa wajen kwana 266 ne. Sati biyun farko na lissafin babu ma cikin kwata-kwata.

A ɗauka mace ta ga jininta 1 ga Maris, mijinta ya yi tafiya bai dawo ba sai 10 ga wata, ta je sikanin 26 ga Afrilu aka ce sati takwas. Shi sai ya ɗauko kalanda ya ƙirga baya, yatsansa ya sauka kan 1 ga Maris, gabansa ya faɗi, daga nan ya daina cin abincinta ya daina kallon fuskarta, ita kuma ba ta san laifin da ta yi ba. To ranar nan fa al'ada take yi! Mai zagayen kwana 28 tana sakin ƙwai ne wajen kwana na 14, kenan cikin ya shiga wajen 15 ga Maris, yana gida. Kuma ko ta manta ranar al'adarta, na'urar tana auna tsawon ɗan tayi ne daga kai zuwa mazaunai ta mayar da shi sati, da waɗancan sati biyun a haɗe. Wallahi ina ganin haƙƙi ne a kan duk ma'aikacin da ya miƙa takardar nan ya yi wannan bayanin kafin ta fita ɗakin.

Amma kuma kar a zarce a ce a cire kwana 14 an samu ainihin ranar. Ba kowace mace ce mai kwana 28 ba, wata 21 wata 35, maniyyi yana iya rayuwa har kwana biyar a jikin mace yana jiran ƙwai, shi kansa sikanin na watanni ukun farko, wanda ya fi kowanne daidai, yana iya kaucewa da kwana biyar zuwa bakwai, na ƙarshen ciki kuwa har sati uku. Idan tazarar da ake kokwanto a kanta ba ta wuce sati ɗaya ko kwana goma ba, kalanda da sikanin ba za su raba gardama ba, sai gwajin DNA, ko bayan haihuwa ko ta jinin uwa tun daga wajen sati na takwas.