Mene ne yajin haya?

Yajin haya shi ne 'yan hayan da ke ƙarƙashin mai gida ɗaya su haɗa baki su daina miƙa masa kuɗi a rana guda, har sai ya biya buƙatun da suka rubuta masa: gyaran rufin da ke yoyo, janye ƙarin haya, ko dakatar da korar wani daga cikinsu. 'Yan gurguzu masu aiki a unguwanni, irin rassan ƙungiyar DSA, wato ƙungiyar 'yan gurguzu masu bin tafarkin dimokuraɗiyya, a biranen Amurka, suna yawan maganarsa, domin haya na cikin manyan hanyoyin da kuɗi ke bi duk wata daga aljihun ma'aikaci zuwa na mai kadara.

Wanda ya kasa biya ba yaji yake yi ba. Mai yaji yana da kuɗin a hannu, da gangan ya riƙe su, tare da maƙwabtansa, kuma a shirye yake ya bayar ranar da aka daidaita.

Mata ne suka fito da ƙarfin wannan dabara a birnin Glasgow na Birtaniya a 1915. Mazajensu na fagen Yaƙin Duniya na Ɗaya, ma'aikata sun cika gari saboda masana'antun jiragen ruwa da na makamai, sai masu gidaje suka tsawwala haya. Mary Barbour da matan unguwar Govan suka tsara gadi: mace guda ta zauna a ƙofa da ƙararrawa, da ta hango ma'aikatan kotu masu fitar da kaya sai ta kaɗa, mata su fito su tare hanya. Kafin shekarar ta ƙare majalisa ta yi dokar da ta mayar da hayar ƙananan gidaje yadda take kafin yaƙi. A Harlem ta birnin New York kuwa, a 1963, baƙar fata ne suka yi yajin ƙarƙashin jagorancin Jesse Gray, har suka kai wa alƙali ɓeraye ya ga abin da suke kwana da shi. Har yau, a biranen Amurka, takardar kora ta fi faɗawa kan mata baƙar fata masu yara, shi ya sa masu wannan aiki ba sa raba batun haya da na launin fata da na jinsi.

Yajin kansa shi ne matakin ƙarshe. Aikin farko bin ƙofa-ƙofa ne, a rubuta lambar kowane gida, da koken ɗan hayan da ke ciki, da wanda mutanen kowane hawa ke jin maganarsa. Wannan na ƙarshen ya fi muhimmanci, kuma sau da yawa ba shi ne mai ɗaga murya a taro ba. Daga nan a zaɓi kwamiti, a tace koke-koken su koma buƙatu biyu ko uku da za a iya gani da ido an yi ko ba a yi ba. A kai wa mai gida takarda mai sa hannun kowa, da wa'adi, da hotunan ɓarnar masu kwanan wata. Idan ya yi biris, sannan a kaɗa ƙuri'a.

Yawan masu shiga shi ne komai. A bene mai gidaje 60, idan 10 suka riƙe kuɗi, mai gida zai maka su kotu ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya ji a jikinsa ba. Idan 45 ne, bashin bankin da yake biya da hayarsu zai fara cizonsa. Bai kamata a fara ba sai kusan kashi biyu cikin uku sun yi alkawari a rubuce.

Sai kuɗin. Ranar biya, kowa ya zuba cikakkiyar hayarsa a asusun amana da ke hannun lauya ko kotu, ko asusun da ba a cire kwabo sai da sa hannun mutum biyu ko uku, a ba shi rasit. A nan yaji ya fi lalacewa. Kuɗin da aka bari a hannun mutum mai buƙata ba sa wata uku, kuma ranar da alƙali ya ce a kawo su babu, an koma mai bashi kawai. Ba laifin talaka ba ne, laifin kwamitin da bai buɗe asusun ba ne.

Doka ta bambanta ƙwarai. A 1970 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a Washington ta yanke cewa wajibi ne mai gida ya riƙe gidan haya a yanayin da mutum zai iya zama, kuma ɗan haya na iya kare kansa da hujjar rashin gyara. A wasu wuraren bashin haya kaɗai ya isa a kori mutum. Dole a ga lauya kafin ƙuri'a, a kuma faɗa wa kowa haɗarin ƙarara. Baƙon da takardun zamansa ba su cika ba bai kamata a matsa masa ba, yana iya taimakawa ta wata fuskar.

Mai gida zai nemi raba kan jama'a: ya yi wa mutum biyu gyara, ya yafe wa wani wata guda a asirce. Maganinsa shi ne a amince tun farko cewa kwamiti kaɗai ke magana da shi. Idan an daidaita, a rubuta ranar da za a gama kowane gyara, da nawa za a rage daga kuɗin da aka riƙe, da sharaɗin cewa ba za a kori kowa ko a ƙi sabunta masa haya saboda yajin ba. Kada a saki kuɗin asusun sai ya sa hannu.