Allura a cikin 'ya'yan itace ba ta tsadar da su

Mutane da dama sun ɗauka cewa idan aka ji labarin wani ya cusa guba ko allura a kayan gwari ko 'ya'yan itace, kaya za su yi tsada tunda an kwashe su daga kanti. A zahiri farashin faɗuwa yake yi, domin masu saye sun fi kayan saurin gudu.

A watan Satumba na 2018 aka fara tsintar allurar ɗinki a cikin sitiroberi (wasu ƙananan 'ya'yan itace ja masu laushi) a jihar Kwinslan ta Ostireliya. Nan da nan manyan kantuna suka janye kayan, har manoman da babu ruwansu ciniki ya tsaya musu cak, wasu suka riƙa zubar da amfaninsu. Majalisar ƙasar ta ƙara hukuncin irin wannan laifi daga ɗaurin shekara 10 zuwa 15.

Matsalar ita ce ɗanyen kaya ba ya jira. Mai hatsi zai iya kulle rumbu har ƙura ta lafa, amma sitiroberi cikin 'yan kwanaki yake ruɓewa, ga gona tana ci gaba da nuna. Dole a karyar ko a zubar. Asarar kuwa, abin takaici, kan manomi da 'yan ƙwadago take faɗawa.

A 1989 ma, ƙwayar inabi biyu kacal daga ƙasar Chili aka ce an samu da guba a Amurka, amma Amurka ta tsayar da shigo da 'ya'yan itacen Chili gaba ɗaya na kwanaki.