Su wa ake nufi da 'yan asali a dokokin duniya?

Bahaushe in ya ji an ce "ɗan asali", abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne takardar indijin da ake karɓowa a ƙaramar hukuma kafin a nemi gurbin karatu ko aikin gwamnati. Wanda ya zauna a Jos ya san zafin kalmar, don da ita ake kiran mutumin da aka binne kakansa a garin da sunan baƙo. Shi ya sa wasu ke yamutsa fuska in sun ji Majalisar Ɗinkin Duniya na maganar haƙƙin 'yan asali. Amma a can kalmar tana da wata ma'ana dabam.

A Amurka da Kanada da Ostireliya abin a fili yake: mutanen da Turawa suka tarar, suka ƙwace musu ƙasa, suka mayar da su 'yan tsiraru a gidansu. A Afirka ne aka yi ta ja-in-ja, domin gwamnatoci sun ce ai dukkanmu nan aka haife mu, wa ya riga wani? A 2003 Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka ta amince da rahoton da ya warware wannan ƙulli. Ba a tambayar wa ya fara sauka. Ana duba al'ummar da cinta da shanta da al'adarta suka rataya a kan wani daji ko makiyaya, wadda masu mulki suka ture gefe, kuma ita da kanta take kallon kanta a matsayin jama'a ta dabam. Da wannan ma'auni ake lissafa San na Botswana, da Batwa na yankin manyan tafkuna, da Buzaye, da Mbororo na Kamaru da Chadi.

A ranar 13 ga Satumba 2007 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da sanarwa kan haƙƙoƙinsu. Ƙasashe fiye da 140 suka amince, huɗu suka ƙi: Amurka, Kanada, Ostireliya da New Zealand, kodayake daga baya duk sun sauya ra'ayi. Najeriya da Kenya na cikin 11 da suka ƙaurace wa ƙuri'ar. A ganina ƙashin bayan sanarwar shi ne sharaɗin yarda: ba a tayar da jama'a daga ƙasarsu sai an nemi amincewarsu tun kafin a fara, ba da tursasawa ba, kuma bayan an faɗa musu gaskiyar abin da za a yi. Tara dattawa a sanar da su shawarar da aka riga aka yanke ba neman yarda ba ne.

Mutanen Ogiek na dajin Mau a Kenya su ne suka gwada nauyin kalmar 'yan asali a gaban alƙali. Mafarauta ne masu ɗiban zuma, tun kaka da kakanni a dajin suke. A 2009 hukumar gandun daji ta ba su kwana 30 su tattara nasu ya nasu, wai don a kare maɓuɓɓugar ruwan ƙasa. Shari'a ta kai Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka da ke Arusha a Tanzaniya. A ranar 26 ga Mayu 2017 kotun ta ce Ogiek 'yan asali ne, kuma Kenya ta tauye musu haƙƙi. Ta kuma ce babu hujjar da ta nuna su ne suka lalata dajin. Masu saran katako da izinin gwamnati da waɗanda aka yanka wa filaye su ne suka yi ɓarnar. Wannan ya taɓa ni ƙwarai, domin mai kiwon ƙudan zuma ba ya sare bishiyar da amyarsa take a kai, amma shi aka fara nuna wa yatsa.

A 2022 kotun ta umarci Kenya ta biya su diyyar shilin miliyan 157, ta kuma ce a ba su takardar mallakar ƙasarsu a matsayin al'umma ɗaya. Amma a Nuwamban 2023 jami'an gandun daji suka shiga Sasimwani da ke dajin Mau, suka rushe gidajen Ogiek, iyalai suka kwana a waje cikin ruwan sama.