Ba albarushi ke cin tsofaffin bindigogin Sin ba

Masu tara tsofaffin bindigogin sojan Sin a Amurka da Kanada sun daɗe suna ɗora wa albarushi laifin tsatsa, har wasu na ganin da zarar an shafa mai an rabu da matsala. Laifin ɗan murfin nan ne na gindin harsashi, wanda allura ke duka ya tada wuta. Tsofaffin harsasan waɗannan bindigogi, masu girman 7.62x39 da 7.62x54R, suna da sinadarin fotasiyam kuloret a wannan murfi. In ya ƙone sai ya bar gishiri, gishirin ya jawo danshin iska, kafin gari ya waye tsatsa ta kama.

Mai ba ya narkar da gishiri, lulluɓe shi kawai yake yi. Ruwa ne maganinsa. Bayan an tabbatar babu harsashi a cikin bindigar, a zuba ruwan zafi ta bututunta, a goga da buroshi, a tsane da ƙyalle har ya fito fes, sannan a shafa mai kaɗan. A yi haka ranar da aka yi harbi.

Bindigar Type 56, wato samfurin bindigar Rasha mai suna SKS da Sin ta ƙera, tana ruɗin mutane, don an yi wa cikin bututunta rufin kurom, ƙarfen da ba ya saurin tsatsa. Sai a leƙa a ga yana walƙiya, alhali ɓarnar tana can cikin bututun gas da fistin, sassan da ke sake ɗana bindigar bayan kowane harbi, har fistin ya maƙale. Type 53 kuwa, wata tsohuwar bindigar Sin, ba ta da wannan rufi, shi ya sa ake yawan samun cikinta duk ramuka.