Sharuɗɗan Zama Injiniya Mai Lasisi

Injiniya mai lasisi shi ne wanda hukumar da doka ta ɗora wa kula da aikin injiniya ta yi masa rajista, ta ba shi iznin sa hannu da buga hatiminsa a kan zane da lissafin aikin da ya shafi rayukan jama'a, kamar gada, madatsar ruwa, bene ko tashar lantarki. Digiri kaɗai ba ya ba mutum wannan izni a yawancin ƙasashe. Digiri shaida ce cewa mutum ya yi karatu, lasisi kuwa shaida ce cewa ya yarda a tuhume shi da sunansa idan abin da ya sa wa hannu ya jawo asara. A Amurka ana bin sunan mai lasisi da haruffan PE, a Kanada P.Eng., a Afirka ta Kudu Pr Eng, a Birtaniya CEng, a Najeriya kuma ana sa Engr. a gaban sunan. Duk da bambancin dokoki, sharuɗɗan kusan iri ɗaya ne ko'ina: karatun da aka tantance, shekarun aiki a ƙarƙashin wanda ya riga ya ƙware, jarrabawa ko ganawa da kwamiti, sai kuma shaidar halin kirki.

Asalin dokar

A da, duk wanda ya ga dama yana iya kiran kansa injiniya ya karɓi aiki. Jihar Wyoming ce ta fara kafa dokar rajista a Amurka a shekarar 1907. Injiniyan jihar na lokacin, Clarence Johnston, ya gaji da taswirori marasa inganci da lauyoyi da sauran waɗanda ba su san aikin ba suke haɗawa da takardun neman haƙƙin ruwan ban-ruwa, sai ya matsa aka yi dokar. Sauran jihohi suka biyo baya sannu a hankali, har Montana ta rufe sahu a 1947.

Wasu jihohin sai da bala'i ya auku suka farga. Madatsar ruwa ta St. Francis ta ɓalle a California a 1928, ta kashe mutum sama da 400, shekara ɗaya bayan nan jihar ta kafa dokar rajistar injiniyoyin gine-gine. A Texas, iskar gas ce ta taru a ƙarƙashin wata makaranta a garin New London a 1937 ta fashe, kusan mutum 300 suka mutu, yawancinsu yara, kuma a shekarar aka yi dokar rajista a jihar. A Kanada, gadar Quebec ta rufta tana cikin gini a 1907, ta kashe ma'aikata 75, saboda an raina nauyin gadar kanta a lissafi. Dokokin larduna sun zo ne a farkon shekarun 1920, na Ontario a 1922.

Karatu

Sharaɗin farko shi ne digirin injiniya na shekara huɗu ko biyar daga sashen da aka amince da manhajarsa. Abin lura a nan shi ne, sashe ake tantancewa, ba jami'a gaba ɗaya ba. Jami'a na iya yin suna, amma sashen injiniyan sinadarai nata bai samu amincewa ba, alhali na lantarki ya samu. Ɗalibai da yawa ba sa bincika wannan sai bayan sun gama, lokacin da gyara ya yi wuya.

A Amurka hukumar ABET ce ke wannan tantancewa, kuma tushenta ya koma 1932. A Najeriya aikin na hannun COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, wadda aka kafa da doka mai lamba 55 ta 1970, kuma digirin shekara biyar ne. Masu tantancewa suna duba yawan lissafi da kimiyyar da ake koyarwa, ɗakunan gwaji, matakin malamai, da babban aikin zane da ɗalibi ke yi a shekarar ƙarshe. Birtaniya ta ɗan tsaurara: mai neman CEng yana buƙatar karatu a matakin digiri na biyu, ko dai digirin MEng, wanda ya haɗa digirin farko da na biyu a karatu ɗaya, ko digirin farko haɗe da ƙarin karatun da ya kai wannan mataki.

Wanda digirinsa bai samu amincewa ba, ko ya karanta kimiyyar lissafi ko fasaha, ƙofa ba ta rufe masa gaba ɗaya ba. Hukumomi da dama sukan duba takardunsa darasi bayan darasi, su ɗora masa ƙarin jarrabawa ko ƙarin shekarun aiki. Hanya ce mai tsawo, amma ana bin ta.

Shekarun aiki

Wannan shi ne ƙashin bayan lasisi, kuma shi ne mafi wuyar aunawa. Yawancin jihohin Amurka suna neman shekara huɗu bayan digiri, haka ma COREN da yawancin lardunan Kanada. Hukumar ECSA ta Afirka ta Kudu tana neman aƙalla shekara uku. Birtaniya ba ta ƙayyade adadi ba, ƙwarewa take dubawa bisa ma'aunin da ake kira UK-SPEC, ko da yake da wuya mutum ya cika ma'aunin a ƙasa da shekara huɗu.

Ba kowane zama a ofishin injiniya ake ƙirgawa ba. Abin da hukuma ke son gani shi ne aikin da nauyinsa ke ƙaruwa. Matashi yakan fara da duba lissafin da wani ya yi, ko auna abu a filin aiki. Daga nan a ba shi zanen ginshiƙi ɗaya ko layin bututu ɗaya. Sai ya kai ga riƙe ɓangare guda na aiki, yana zaɓar kayan da za a yi amfani da su, yana kare zaɓinsa a gaban magabata, yana jayayya da ɗan kwangilar da ke son rage rodi don ya rage kashe kuɗi. Wanda ya shekara huɗu yana kwafar zanen wasu a kwamfuta ya yi shekarun, amma bai yi aikin ba, kuma masu duba takardu sun san bambancin. Shi ya sa ake shawartar mai niyyar neman lasisi ya riƙa rubuta abin da ya yi tun daga watan farko: sunan aikin, matsalar da ta taso, lissafin da shi da kansa ya yi, da shawarar da ya yanke. Kalmar “mun yi” ba ta da amfani a irin wannan rahoto, domin hukumar mutum ɗaya za ta ba lasisi.

Dole kuma aikin ya kasance a ƙarƙashin kulawar injiniya mai lasisi, wanda zai sa hannu ya tabbatar da abin da aka rubuta. Nan ne matsala take ga waɗanda ke aiki a masana'antu inda babu mai lasisi ko ɗaya. Galibi ana neman mutum uku zuwa biyar su ba da shaida, mafi yawansu masu lasisi. Digiri na biyu ko na uku yakan rage shekara ɗaya daga abin da ake nema a wurare da dama.

Jarrabawa

A Amurka jarrabawa biyu ce, kuma hukumar NCEES, wadda aka kafa a 1920, ita ke shirya su ga dukkan jihohi. Ta farko, FE, ta shafi tushen ilimin injiniya, ana yin ta dab da gama jami'a ko jim kaɗan bayan haka. Tambayoyi 110 ne, kuma tun 2014 a kwamfuta ake yin ta. Wanda ya ci yakan samu matsayin injiniya mai koyon aiki. Ta biyu, PE, ta fannin mutum ce, tana ɗaukar kusan awa takwas, kuma tambayoyinta na aiki ne: ga ƙasa mai irin wannan ƙarfi, ga nauyi kaza, wane irin tushe ya dace? A da sai an cika shekarun aiki ake zama ta, yanzu jihohi da yawa sun yarda a yi ta tun da wuri, a jira cikar shekarun kafin a karɓi lasisi. California tana ƙara wa injiniyoyin gine-gine jarrabawa kan girgizar ƙasa da safiyo.

Kanada ta bi wata hanya. Ta dogara ga tantance jami'o'i wajen ilimin fasaha, don haka jarrabawar da mai digirin da aka amince da shi ke yi ta shafi doka ce da ɗa'ar aiki: kwangila, alhaki, da abin da ya wajaba a kansa idan umarnin mai aiki ya ci karo da lafiyar jama'a. A Birtaniya babu rubutacciyar jarrabawa ta ƙasa baki ɗaya. Mai nema yana shiga ɗaya daga cibiyoyin ƙwararru, kamar ICE ta injiniyoyin gine-gine da aka kafa a 1818, ya gabatar da rahoton ayyukansa, sannan ya zauna gaban injiniyoyi biyu su yi masa tambayoyi a kai. Wanda ya ari aikin wani yakan tonu a wannan zama, domin tambaya ta uku ko ta huɗu kan dalilin zaɓar abu kaza ba ta amsuwa da hadda. Najeriya ma tana haɗa rahoton aiki da ganawa, kuma da yawa suna bi ta ƙungiyar injiniyoyi ta NSE, wadda aka kafa a 1958, kafin rajistar COREN. A Italiya jarrabawar gwamnati ake yi bayan digiri sannan a shiga rajista.

Nauyin hatimi

Abin da ya faru a otal ɗin Hyatt Regency da ke Kansas City ranar 17 ga Yuli, 1981, ana koyar da shi a azuzuwan injiniya har yau. A cikin babban zauren otal ɗin akwai gadojin tafiya da aka rataya daga rufi, ta hawa na huɗu tana saman ta hawa na biyu. A zanen asali, dogon rodi ɗaya ne zai sauko daga rufi ya ratsa gadar sama ya kai ta ƙasa, kowace gada tana zaune a kan notinta. Da aka zo ƙera ƙarafan, sai aka ga hakan zai yi wahala, aka raba rodin biyu: ɗaya daga rufi zuwa gadar sama, ɗaya daga gadar sama zuwa ta ƙasa. A takarda canjin ƙarami ne. A zahiri kuwa mahaɗar gadar sama ta koma ɗauke da nauyin gadoji biyu, wato ninkin abin da aka tsara mata, alhali ko zanen asalin bai cika ƙa'idar ginin birnin ba. Zanen da aka canza ya bi ta ofishin injiniyoyin aikin ya fito da amincewarsu ba tare da an sake lissafi ba. A daren da jama'a suka cika zauren don rawa, mahaɗar ta tsage, gadojin biyu suka faɗo, mutum 114 suka mutu. Hukumar jihar Missouri ta ƙwace lasisin injiniyoyin biyu da ke da alhakin zanen. Hujjar cewa wani ne ya kawo canjin ba ta karɓu ba, tunda hatimin nasu ne.

Daga nan ake gane dalilin sharaɗin ɗa'a. Dokokin ɗa'ar injiniyoyi kusan duka suna farawa da wajibcin fifita lafiya da amincin jama'a a kan bukatar mai aiki. Suna hana mutum sa hannu a fannin da bai ƙware ba, ko buga hatimi a kan zanen da bai yi ba kuma bai kula da yin sa ba. Wannan na ƙarshe laifi ne da ya yaɗu, domin kuɗi ne mai sauƙi, kuma yana cikin abubuwan da hukumomi ke yawan hukunta masu lasisi a kai.

Lasisi ba na har abada ba ne. Ana sabunta shi duk shekara ko shekara biyu, kuma jihohin Amurka da yawa suna neman awa 15 na ƙarin ilimi a kowace shekara.

Aiki a wata ƙasa

Lasisi yana tsayawa ne a iyakar hukumar da ta ba da shi. A Amurka da Kanada babu lasisin ƙasa, na jiha ne ko na lardi, kuma mai son aiki a wata jiha sai ya nemi nata, ko da yake ba a cika sake masa jarrabawa ba. Tsakanin ƙasashe akwai Yarjejeniyar Washington ta 1989, wadda hukumomin Amurka, Birtaniya, Kanada, Ostireliya, New Zealand da Ireland suka fara sa wa hannu. Afirka ta Kudu ta shiga a 1999, Japan a 2005, Indiya a 2014, Sin a 2016, Pakistan a 2017, Najeriya kuma ta samu matsayin wucin gadi a 2023. Mutane kan yi wa yarjejeniyar mummunar fahimta. Digiri take amincewa da shi, ba lasisi ba, saboda haka baƙon injiniya yana tsallake sharaɗin karatu ne kawai, sauran suna nan suna jiran sa. Ontario ta daɗe tana neman shekara ɗaya ta aiki a cikin Kanada, abin da ya hana baƙi da yawa rajista, har aka soke sharaɗin a 2023.

Waɗanda ba sa buƙatarsa

Ba kowane injiniya ke neman lasisi ba. Yawancin jihohin Amurka sun keɓe ma'aikatan masana'antu, bisa hujjar cewa kamfanin ne ke ɗaukar alhakin abin da ya ƙera, don haka mafi yawan masu zana motoci, jiragen sama da na'urorin lantarki ba su da PE. Masu sukar wannan keɓewa suna cewa jirgi ba ya ƙasa da gada wajen haɗari. NCEES ta gwada jarrabawar PE ta injiniyoyin manhajar kwamfuta daga 2013, ta dakatar da ita a 2019 saboda ƙarancin masu zama. A Birtaniya kalmar injiniya ita kaɗai ba ta da kariyar doka, mai gyaran tukunyar ɗumama gida ma yana iya amfani da ita, laƙabin CEng da 'yan uwansa ne aka kare. A Jamus kuwa kalmar kanta doka ta kare ta, kuma digiri ne ke ba da ita. Inda lasisi ya zama tilas kusan ko'ina shi ne gine-gine, ayyukan gwamnati, da buɗe ofishin ba da shawara ga jama'a.